NEMAN SHIGA MAKARANTAR LIKITA A JIHAR DA BA TA MUTUM BA: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

Ko wace shekara, da zarar an fito da sakamakon jarrabawar shiga jami'a, ƙofar gidan Hakimi ba ta rabuwa da baƙi. Wani dattijo ya kan zo da ɗansa biye da shi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan likita ya ke so ya zama. Ya ci jarrabawa da kyau, amma shekara biyu ke nan ana hana shi. Ga ɗan maƙwabcinmu kuwa, makinsa bai kai nasa ba, an ɗauke shi." Idan Hakimi ya ce, "To, Malam, wace jami'a ya nema?" sau da yawa nan take a kan gane inda gizo ke saƙa. Yaron ya nemi jami'ar da ba ta da alhakin jiharsa a wuyanta, ɗan maƙwabci kuwa ya nemi ta gida.

An rubuta wannan darasi domin Hakimai da malamansu su san yadda a ke rabon wuri a makarantun likita, da kuma matsayin yaron da ya nemi shiga a wajen jiharsa. Su ne talakawa ke fara tambaya, kuma ta hannunsu takardar asalin yaro ta ke biyowa. Za a fara da ƙasar Amurka, domin a can ne aka fi rubuta wannan ƙa'ida ɓaro-ɓaro cikin doka, kuma ita ma tarayyar jihohi ce kamar Nijeriya. Sa'an nan a dawo gida.

1. ABIN DA YA SA WURI YA KE DA ƘUNCI

Karatun likita ya bambanta da sauran karatu. Mai koyon tarihi ko lissafi, in an sami malami da allo da littafi, an gama masa. Mai koyon likita kuwa tilas ya tsaya gefen gadon majiyyaci, ya taɓa, ya saurara, ya ga yadda manya ke yi. Sabo da haka yawan ɗaliban da makaranta za ta iya ɗauka yana bin yawan gadajen asibitin koyarwarta, da yawan ƙwararrun likitocinta, da kayan aikin da ke ɗakunan gwaji. In an ɗebi ɗalibai fiye da haka, sai karatu ya lalace, don dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Ban da wannan, horad da likita guda yana cin kuɗi mai yawa, kuma abin da ɗalibi ke biya a makarantar gwamnati bai kai abin da a ke kashewa a kansa ba. Ragowar daga harajin jama'a ta ke fitowa. To, tun da ya ke jiha ce ta tara harajin nan daga mutanenta, ba abin mamaki ba ne ta ce 'ya'yanta za ta fara dubawa. Wannan shi ne tushen maganar duka, ko a Amurka ko a Nijeriya.

2. YADDA A KE YI A AMURKA

Amurka jihohi 50 gare ta. A can yaro ba ya shiga makarantar likita daga sakandare. Sai ya fara yin digiri na shekara 4, ya ɗauki wata jarrabawa da a ke kira MCAT, wadda makinta ke tsakanin 472 da 528, sa'an nan ya nemi makarantar likita, inda zai ƙara shekara 4. A 2021 masu nema sun haura 62,000, waɗanda suka shiga kuwa ba su kai 23,000 ba. A 2023 masu nema sun sauko wajen 52,000, wuri kuwa yana nan kusan yadda ya ke. Watau fiye da rabin masu nema ba su samu. Don haka mutum guda ya kan aika takardunsa makarantu fiye da 15 a shekara ɗaya.

Makarantun iri biyu ne: na gwamnatocin jihohi, da na masu zaman kansu. Yawancin masu zaman kansu ba su damu ƙwarai da jihar da mutum ya fito ba. Na jihohi kuwa ko wace da irin nata shinge. A Teksas doka ce ta ce baƙi kada su wuce kashi 10 cikin 100 a makarantun likita na gwamnatin jihar, watau in aji na mutum 200 ne, 180 'yan Teksas ne, duk sauran Amurka su yi kokawa a kan 20. Akwai waɗanda suka fi haka tsanani. Makarantar likita ta Jami'ar Karolina ta Gabas 'yan jihar Karolina ta Arewa kaɗai ta ke ɗauka. Haka ita ma ta Jami'ar Masa, ko da ya ke mai zaman kanta ce, 'yan jihar Jojiya ta ke ɗauka. A ɗaya gefen kuma akwai jiha irin Bamont, wadda mutanenta kaɗan ne, har yawancin ɗaliban makarantar likitanta daga waje su ke zuwa. In an haɗa lissafin ƙasar gaba ɗaya, wajen 6 cikin ko wane 10 da suka shiga makarantar likita a jiharsu suka shiga.

Baƙon da ya yi sa'a aka ɗauke shi, da sauran rina a kaba, don kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan gida, a waɗansu wurare har ya kusa ninka shi. Jihohi suna kafa hujja da cewa likita ya fi zama inda ya yi karatu. Ƙididdigar ƙungiyar makarantun likita ta Amurka ta nuna wanda ya yi karatunsa da horon ƙwarewarsa duka a jiha guda, wajen 2 cikin 3 a nan su ke zama su yi aiki.

To, jihar da ba ta da makarantar likita ta kanta fa? Nan akwai dabarar da ta cancanci a lura da ita. A 1971 Jami'ar Washinton ta ƙulla yarjejeniya wadda ta haɗa jihohin Alaska da Montana da Aidaho, daga baya a 1996 Wayomin ta shigo. Ko wace jiha tana biyan kuɗi a keɓe wa 'ya'yanta wuri. Ɗalibi ya kan fara karatu a jiharsa, kuma ba a ɗauke shi baƙo ba. Wayomin ta ɗora wa 'ya'yanta sharaɗi, wanda ya gama ya dawo ya yi mata aiki shekara 3, ko ya biya abin da aka kashe. Haka kuma jihar Delawe, tun daga 1969 ta yi shiri da makarantar likita ta Jafasan da ke birnin Filadalfiya, ana ajiye wa 'ya'yanta wuri.

Abu mafi muhimmanci shi ne yadda su ke gane ɗan jiha. A Amurka ba a tambayar inda kakan mutum ya fito. Zama a ke dubawa. Galibi wanda ya zauna wata 12 a jiha, yana aiki, yana biyan haraji, da niyyar mayad da ita gida, ya zama ɗanta. Amma zaman da aka yi don karatu kawai ba a cika lissafa shi ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka, cikin wata shari'a da ta taso daga jihar Kanetikat, ta yanke cewa jiha ba ta da ikon ɗaukar ɗalibi baƙo har ya gama karatu don kawai daga waje ya aiko da takardarsa. Tilas a ba shi damar ya nuna ya riga ya zama ɗan gari.

Hakimi ya lura da abu guda, domin a kan sami masu hali da ke tambaya ko za su tura ɗansu Amurka karatun likita. Wanda ba ɗan ƙasar ba, ƙofarsa ta fi ta kowa ƙunci. Makarantun da ke duba takardunsa tsiraru ne, ba a ba shi rancen gwamnati, waɗansu ma su kan ce ya ajiye kuɗin shekarun karatu tun kafin ya fara. A 2019 'yan ƙasashen waje da suka shiga makarantun likita na Amurka duka ba su kai 300 ba.

3. YADDA A KE YI A NIJERIYA

A zamanin da, matsalar Arewa ita ce rashin makarantar ma gaba ɗaya. An buɗe makarantar horon likita a Yaba ta Ikko a 1930, aka kafa Kwalejin Jami'a a Badun a 1948. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, sai da ya je Jami'ar Barmingam a Ingila ya yi karatunsa. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashenta na likita kuwa ya fara a 1967. A 1975 aka ƙara jami'o'i a Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori, ta Bayero a Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

A cikin wannan tsakani jihohi ma suka yi ta ƙaruwa: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, har 36 a 1996. Ko wace ƙari ya mayad da waɗansu 'yan gida baƙi. Mutumin Haɗeja, wanda ɗan Jihar Kano ne kafin 1991, ya wayi gari ɗan Jigawa. Mutumin Gusau ya bar Jihar Sakkwato a 1996 ba tare da ya ɗaga ƙafa daga gidansa ba.

A 1978 aka kafa hukumar JAMB domin shirya jarrabawar shiga jami'a guda ɗaya ga ƙasa duka. Mai neman likita yana ɗaukar fanni 4: Turanci, da ilmin halittu, da kimistiri, da fizik, jimlar maki 400. A 2024, cikin sakamako wajen miliyan 1.8 da hukumar ta fitar, kusan kashi uku cikin huɗu ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika 1 cikin 100 ba. Ban da wannan, tilas yaro ya sami kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, ilmin halittu, kimistiri da fizik, kuma makarantun likita da yawa suna so a same su a zama guda. Yawancin jami'o'i kuma suna da tasu tantancewa, wadda aka fara a 2005. Jami'ar Ikko, ga misali, tana ba makin JAMB kashi 50, tata jarrabawa kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20.

A saman wannan duka akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda dokar kafa ta ta fara aiki a 1963. Ita ke ƙayyade wa ko wace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke rubuta sunayensu cikin rajista. Tsakanin 2023 da 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗaga jimlar adadin daga 5,000 zuwa 10,000 a shekara. Ko da haka, masu nema sun ninka wurin sau da yawa.

4. ƘOFOFI UKU NA JAMI'O'IN TARAYYA

Jami'ar Tarayya ta kowa ce, amma ƙa'idar Gwamnati ta raba wurin da ke cikinta kashi uku.

Ƙofa ta fari ita ce ta cancanta, kashi 45 cikin 100. Nan ba a duban jiha, wanda ya fi maki shi ya shiga.

Ta biyu ita ce ta maƙwabtaka, kashi 35 cikin 100. Ko wace jami'a an ba ta jihohin da ke kewaye da ita. Na Jami'ar Ahmadu Bello su ne jihohin Arewa. Na Jami'ar Maiduguri su ne na Arewa maso Gabas. Na Jami'ar Ikko su ne jihohi 6 na ƙasar Yarabawa: Ikko, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti.

Ta uku ita ce ta jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko, kashi 20 cikin 100. Jihohin nan 23 ne: jihohin Arewa 19 duka, da Bayalsa, da Kuros Riba, da Ebonyi, da Ribas.

A ɗauki misali domin lissafi. A ce wata jami'ar Tarayya an ba ta wuri 100 a ajin likita. Watau 45 na cancanta, 35 na maƙwabta, 20 na jihohin da aka bari a baya. Ga yara uku, duk makinsu ɗaya.

Na fari ɗan asalin Katsina ne. In ya nemi Zariya, jiharsa tana cikin maƙwabta, tana kuma cikin waɗanda aka bari a baya, ga kuma ƙofar cancanta. In ya nemi Ikko, wuri 35 ɗin nan na maƙwabta ya rufe masa. Saura 45, inda zai kara da zakarun ƙasa duka, da kuma 20, waɗanda jihohi 23 ke hanƙoro, watau ko wuri ɗai-ɗai bai ishe su ba.

Na biyu ɗan asalin Imo ne, amma a Sabon Garin Kano aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. In ya nemi Jami'ar Bayero, takardarsa ta ce Imo, ita kuwa ba maƙwabciya ba ce, ba ta kuma cikin jihohi 23. Ƙofa guda gare shi, ta cancanta.

Na uku Bahaushe ne, haifaffen unguwar Sabo ta Badun, ubansa mutumin Kano. Ko da ya ke da ƙafa ma zai iya zuwa Jami'ar Badun, a takarda shi ba maƙwabci ba ne. Amma yana da ƙofar jihohin da aka bari a baya, muddin ya sami takardar asalinsa daga Kano.

Ko wace ƙofa da iyakar makinta, kuma galibi ta cancanta ta fi sauran tsawo. Jami'ar Badun da ta Ikko su kan buga iyakokin nan a fili ko wace shekara. Wannan ne ya sa yaro biyu za su nemi aji guda, a ɗauki mai ƙaramin maki, a bar mai babba, ba kuwa tare da an karya ƙa'ida ba. Amma kada a ɗauka ƙofar jihohin da aka bari a baya sadaka ce. A ajin likita ko ita ma sai mai maki mai kauri, domin 'yan Arewa masu ƙwazo yanzu sun yi yawa, junansu su ke kayarwa.

5. JAMI'O'IN JIHOHI DA NA MASU ZAMAN KANSU

Jami'ar jiha ita ce ta fi kama da makarantun jihohin Amurka. Gwamnatin jiha ce ta kafa ta, ita ke biyan malamanta. Ta Binuwai an kafa ta a 1992, ta Kaduna da ta Gwambe a 2004, kuma dukansu suna koyad da likita. Irin waɗannan 'yan asalin jiha su ke fara dubawa, su kan kuma lura da rabo tsakanin ƙananan hukumominsu. Baƙo kuwa ɗan abin da ya rage ya ke samu, a yawancinsu kuma kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan gida. Tun da ya ke adadin da Majalisar Likitoci ke ba sabuwar makaranta ƙanƙane ne, yaron da ya sa jami'ar wata jiha a zaɓinsa na fari don neman likita ya ɗauki hanya mai wuya ƙwarai.

Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda aka fara ba su izini a 1999, ba ruwansu da jihar mutum, amma kuɗinsu miliyoyin naira ne a shekara, har shekara 6. Rancen ɗalibai da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024 kuwa na makarantun gwamnati ne.

Akwai kuma masu fita waje. Jihohin Arewa da dama sun tura 'ya'yansu Sudan karatun likita, waɗansu iyaye kuma suka tura Yukiren. Yaƙin da ya ɓarke a Yukiren a 2022, da na Sudan a 2023, sun dawo da ɗalibai masu yawa gida karatu bai ƙare ba. Wanda kuma ya gama a waje, ba zai taɓa majiyyaci a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci.

6. WANE NE ƊAN JIHA?

Nan ne babban bambancin ƙasashen biyu ya ke. A Amurka zama ne ke ba mutum jiha, yana iya sauya ta cikin shekara guda. A Nijeriya asali ne. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 318, ya ce mutum ɗan wata jiha ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke 'yar asalin jihar. A aikace kuwa ƙananan hukumomi sun fi bin wajen uba. Shi wannan Tsarin Mulki, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci sabo da inda ya fito, a sashe na 14 kuma ya umurci a raba al'amuran gwamnati yadda ko wane yanki zai samu. Masana shari'a sun daɗe suna muhawara a kan yadda za a daidaita waɗannan biyu. Masu goyon bayan rabon suna cewa in ba don shi ba, da waɗansu jihohi sun daɗe ba su sami likita ɗan gida ba. Masu suka suna cewa yana tauye yaron da aka haifa a wuri, ubansa ya biya haraji a wurin shekara 30, amma har yanzu ana kiransa baƙo. Ko wane ɓangare da gaskiyarsa. Aikin Hakimi dai shi ne ya bi ƙa'idar da ke nan, ya kuma bayyana ta ga jama'a yadda ta ke.

7. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Takardar shaidar asali, wadda jama'a ke kira takardar indijin, ƙaramar hukuma ce ke bayad da ita, ɗaya daga cikin 774 da ke ƙasar. Amma a ƙasashen sarakuna shaidar ta kan taso daga mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa Hakimi. Sabo da haka sa hannun Hakimi yana iya buɗe wa yaro wuri 35 ko 20 cikin 100, ko ya rufe masa.

Na fari, kada a sa hannu a kan wanda ba a sani ba. A kan sami wanda zai zo da ɗan wata jiha, ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka masa, yaron kirki ne." Taimakon nan zalunci ne ga wani yaro na gundumar, wanda ba ya nan, bai ma san an ɗauke masa wuri ba. Shi kansa wanda aka yi wa takardar ba a yi masa gata ba, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'a tana da ikon korar ɗalibi ko yana ajin ƙarshe in ta gano takardarsa ta jabu ce.

Na biyu, kada a hana mai hakki. 'Ya'yan fatake da mahauta da ma'aikata da ke zaune a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, in asalinsu na gundumar ne, takarda hakkinsu ce. A can ba a ɗauke su 'yan gida ba. In nan ma aka juya musu baya, sun zama ba su ga tsuntsu, ba su ga tarko. Malamin Hakimi ya nemi shaidar dangi da ta dagaci, in ta tabbata a gama musu da wuri.

Na uku, malami ya riƙe littafin rajista: sunan yaro, da na ubansa, da na kakansa, da unguwa ko ƙauye, da wanda ya tsaya masa, da ranar da aka sa hannu.

Na huɗu, a duba rubutun suna. Tun daga 2021 JAMB ba ta yi wa yaro rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In a wata takarda an rubuta Muhammadu, a wata Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, ko ƙaramar hukumar da ke takardar asali ba ita ce ke fom ɗin JAMB ba, yaro yana iya rasa wuri bayan ya samu. Gyara tun yana sakandare ya fi sauƙi, rigakafi ya fi magani.

8. SHAWARAR DA ZA A BA UBA DA ƊA

Yaro ya san ƙofofinsa kafin ya cika fom. Manyan jami'o'i galibi wanda ya sa su a zaɓi na fari su ke dubawa a ajin likita, don haka zaɓin nan guda shi ne jarinsa. Ya fara auna jami'ar jiharsa, in tana da sashen likita da Majalisar Likitoci ta amince da shi, sa'an nan jami'o'in Tarayya da jiharsa ke cikin maƙwabtansu. Kada a manta da sababbi, irin Jami'ar Tarayya ta Ilmin Lafiya da aka kafa a Azare a 2021.

Wanda makinsa ya yi fice ƙwarai, ba laifi ya nemi ko ina, ƙofar cancanta ba ta san jiha ba. Wanda makinsa ke tsaka-tsaki kuwa, in sakamako ya fito ya gwada shi da iyakar makin bara ta jami'ar da ya zaɓa. In ya ga da tazara, JAMB tana ba da lokacin sauya jami'a ko fanni. Akwai kuma hanyar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye, ko da ya ke ita ma wurinta kaɗan ne.

A gargaɗi iyaye a kan masu cewa a ba su kuɗi su samo wuri. Tun daga 2017 duk ɗaukar ɗalibai ta cikin na'urar JAMB ta ke bi, kuma wurin da bai fito ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba.

Daga ƙarshe, a tuna wa uba cewa asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Akwai haɗa magunguna, da aikin jinya, da ungozoma, da gwajin jini, da ɗaukar hoto, da gashin ƙashi. Yaron da ya shafe shekara 4 yana maimaita jarrabawa don likita, da ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan da yanzu ya kusa fara yi wa gundumarsa aiki. Yarinya ma haka, kuma bukatar mata ma'aikatan lafiya a ƙauyukan Arewa ba ta ɓoyu ga kowa ba.

9. TAMBAYOYI DOMIN BITA

(a) Don me ba a iya ƙara yawan ɗaliban likita yadda a ke ƙara na sauran fannoni?

(b) In makarantar gwamnatin Teksas tana da wuri 150, nawa ne iyakar abin da baƙi za su samu?

(c) Jami'ar Tarayya mai wuri 200, nawa ne na cancanta, nawa na maƙwabta, nawa na jihohin da aka bari a baya?

(d) Mene ne bambancin ɗan jiha a Amurka da ɗan jiha a Nijeriya?

(e) Wani ya kawo yaron da aka haifa a Fatakwal, ya ce kakansa ɗan gundumar nan ne. Waɗanne matakai malamin Hakimi zai bi kafin takarda ta isa gaban Hakimi?

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan darasi a taron dagatai, su kuma aika da shi ga shugabannin makarantun sakandare na gundumominsu kafin a fara sayad da fom ɗin JAMB na shekara mai zuwa.